Yadda Ake Hana Kare Haushi Idan An Bar Shi A Keji Shi Kaɗai

Gidaje da dama a Sakkwato suna ajiye kare don gadi: a sake shi da dare ya zaga gida, gari na wayewa a mayar da shi keji. Matsalar takan taso ne a gidan da kowa ke fita aiki ko makaranta, kamar yadda aka saba gani a Arkilla, Mabera da Gawon Nama, domin da zarar an ja ƙyaure an sa kwaɗo sai karen ya kama haushi, ba zai saurara ba har maƙwabta su kawo kuka. Haƙƙi biyu ne a nan, na maƙwabci da na dabbar da aka tsare, kuma hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, ya isa ya nuna nauyin na biyun. Kare ba ya haushi haka kawai, akwai abin da ke damunsa, kuma sai an san wannan abu gyara yake yiwuwa.

Mataki na farko: gano dalilin haushin

Ka sami tsohuwar waya, ka kunna ɗaukar murya ko bidiyo, ka jingine ta inda za ta ga kejin, sannan ka fita yadda ka saba. Idan haushin ya fara 'yan mintuna da fitarka, babu tsayawa, ga kuka mai tsini, ga dalala, ga cizon ƙarfen keji, to tsoron kaɗaici ne. Idan kuwa ya yi shiru, sai babur ya wuce ko mai talla ya ɗaga murya ko awaki sun gifta sannan ya zabura, aikinsa na gadi yake yi. Wanda bai fara ba sai rana ta take, a tuhumi zafi, ƙishirwa ko matsuwar fitsari. Akwai kuma haushin zaman banza, jefi-jefi da murya iri ɗaya, na karen da ke da ƙarfi bai sami inda zai kai shi ba.

Mataki na biyu: gyara kejin da inda aka ajiye shi

A ganina, a garin nan zafi ya kamata a fara tuhuma kafin komai. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, alhali kare ba ya gumi a jiki irin na mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Haki da harshe a waje shi ne hanyar da yake sanyaya kansa. Kejin ƙarfe mai rufin kwano da aka bari a tsakar gida tanda ne da tsakar rana, kuma karen da ke cikinsa neman ceto yake yi. Karnukan ƙasashen waje masu kaurin gashi sun fi karen gida jin jiki a wannan hali.

Ka mayar da kejin ƙarƙashin dogonyaro ko rumfa mai shan iska, amma kada ka dogara da inuwar safe, domin inuwa tana juyawa. Ka zaɓi ranar da kake gida, ka duba wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, ka taɓa ƙarfen da bayan hannunka. A shimfiɗa katako a ƙasa don kada wayar keji ta ci masa ƙafa. Ruwa kuwa a zuba shi a kasko mai nauyi ko roba da aka ɗaure a jikin keji, saboda sau da yawa karen yakan kifar da mazubin tun da safe ya wuni da ƙishi. Da hunturu a rufe gefen da iska ke bugowa da buhu, a bar sauran a buɗe.

Girman keji shi ne wanda kare zai miƙe tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Idan haushin gadi ne matsalar, a juya fuskar kejin daga ƙofar gida, a nesanta shi daga katangar da ke bakin hanya. Rediyo a kunne ƙasa-ƙasa yana taimakawa wajen danne ƙarar waje.

Idan ka dawo ka tarar da shi yana haki sosai, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, zafi ne ya buge shi. Ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a kan cikinsa da ƙafafunsa, ka garzaya wurin likitan dabbobi.

Mataki na uku: biya masa bukata kafin ka fita

Bayan sallar asuba, ƙasa ba ta ɗauki zafi ba tukuna, ka sa masa igiya ku yi tafiyar kamar rabin awa, ka bar shi ya shinshina abin da yake so, ya yi fitsari da kashi. Shinshina tana gajiyar da kare ƙwarai. Ku dawo ya huta, ya ci abinci, sannan ya shiga keji.

Tsawon zaman ma yana da iyaka. Ƙa'idar da masu kiwon karnuka ke bi ita ce ɗan kwikwiyo yana iya riƙe fitsari kusan awa ɗaya a kan kowane wata na haihuwarsa, wato mai wata 3 kimanin awa 3. Babban kare bai kamata ya wuce awa 4 zuwa 6 a kulle da rana ba. Wanda ke fita daga safe har magariba dole ya sami wanda zai buɗe wa karen da rana, ko ya killace masa wani ɓangare na tsakar gida mai inuwa a maimakon keji.

Mataki na huɗu: sa shi ya so kejin

Ka riƙa ajiye masa abinci a can cikin kejin, ƙofa a buɗe, ya shiga ya ci ya fito da kansa. Ka zaɓi kalma ɗaya, misali “shiga”, ka faɗe ta ka jefa ɗan nama ciki, kowa a gidan ya yi amfani da ita. Kada a taɓa tura shi keji don horo a kan laifi. Ka tanadi abin taunawa da ba ya samu sai a ciki: robar Kong, wato robar taunawa ta karnuka mai rami da ake cusa wa abinci, ko babban ƙashin ƙafar saniya daga wurin mahauta, a shafa niƙaƙƙiyar gyaɗa a cikin raminsa. Ka fara ba shi kana kallo, ka tabbatar ba ya farfasa shi. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji, albasa da tafarnuwa kuma guba ne ga kare, saboda haka a kula da ragowar miya. Ɗan kwikwiyo yakan saba da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma babba ma yana koyo.

Mataki na biyar: koya masa kaɗaici kaɗan-kaɗan

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane ke gaggawa. Karen yana cikin keji yana tauna, ka rufe ƙofar ka zauna kusa, bayan daƙiƙa kaɗan ka buɗe. Ka maimaita, kana ƙara lokaci. Idan ya saba, ka tashi ka ɓuya a bayan bango na daƙiƙa 10, ka dawo tun bai buɗe baki ba. Daga nan daƙiƙa 30, sai minti 1, sai 3, sai 5, amma ba a jere kullum ba: bayan mai tsawo ka saka gajere, don kada ya ɗauka kowace fita ta fi ta baya daɗewa. Sai ya natsu a cikin gida sannan za ka fara fita ta ƙofar waje. Mintunan farko su ne masu wuya, kuma karen da ya kai rabin awa lafiya yakan iya wucewa gaba da sauƙi.

Abin kiyayewa shi ne lokacin da hannunka ke taɓa ƙofar keji. Idan ka buɗe yana tsakiyar haushi, ka koya masa cewa haushi ne mabuɗi. Ka dakata har ya ɗan numfasa, ko da shirun daƙiƙa 3 ne, sannan ka bayyana, zagaye na gaba kuma ka rage lokacin domin ka wuce ƙarfinsa. Sai dai wannan dakatawar ta mai neman a kula shi ce. Karen da ya firgita, yana rawar jiki yana cizon ƙarfe, ba a barinsa wai sai ya gaji. Barin nasa ƙara masa tsoro yake yi, sai a fito da shi a koma matakin baya.

Kare yana karanta shirin fitarka tun kafin ka kai ƙofa. Yana ganin ka kafa hula, ka ɗauki makulli, ka tura babur zuwa zaure, hankalinsa ya riga ya tashi. Don haka ka riƙa yin waɗannan abubuwa ba tare da ka fita ba: ka kaɗa makulli ka koma ka zauna, ka tayar da babur ka kashe, har su daina nufin komai a wurinsa. Wajen fita kada ka tsaya lallashi, da ka dawo kuma ka ajiye kayanka tukuna, ya natsu, sannan ka buɗe masa. Horon yakan ɗauki makonni, kuma a cikinsu yana da kyau a sami wani a gida, domin wuni ɗaya na firgici yana iya rushe abin da aka gina.

Abubuwan da ba a yi

Duka, jifa da tsawa suna sa shi shiru ne kawai muddin kana tsaye a kansa. Hukunta shi bayan ka dawo bai da amfani, domin ba zai haɗa dukan yamma da haushin safe ba. Mafi haɗari shi ne ɗaure masa baki da tsumma ko takunkumi mai matsewa a tafi a bar shi, saboda karen da aka hana haki a zafin Sakkwato yana iya mutuwa kafin a dawo. Haka kuma kada a ba shi maganin barci ko na ciwon jiki na mutane.

Mataki na shida: lokacin neman likita

Idan yana ji wa kansa rauni a baki ko farce, ko an yi makonni babu sauƙi, a kai shi asibitin dabbobi na gwamnati ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Likita zai duba kaska, ciwon kunne da tsutsar ciki, waɗanda ke hana kare sukuni, kuma ga mai tsananin tsoro akwai magungunan da likita kaɗai ke rubutawa, ana haɗa su da horon da aka bayyana.

Wani hali kuma daban yake. Idan kare mai natsuwa ya canja farat ɗaya, muryarsa ta dishe, yawu na zuba, yana kai wa komai cizo, musamman idan ba a yi masa allurar ciwon haukan kare ba, kada kowa ya sa hannu a kejin, a kira likita ya zo. Ana fara allurar ne daga wata 3 da haihuwa, a riƙa sabuntawa duk shekara. Wanda karen ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.