Yadda za ka auna yiwuwar samun masu hankali a wasu duniyoyi

Ka zaɓi daren da babu wata kuma babu hazo, ka shimfiɗa tabarma a bayan gari, kamar a ƙauyukan Ringim, ka dubi farin zanen da ya ratsa sama, wanda tarin taurari ne aƙalla biliyan 100, ranarmu ɗaya daga ciki. Sannan ka bi hanyar da masanin sararin samaniya Frank Drake ya tsara a 1961: taurari nawa ke da duniyoyi, nawa za su ɗauki rai, a nawa hankali ya ɓulla? An tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurari. A ganina nisa ne babban cikas, domin hasken tauraron da ya fi kusa da ranarmu yakan haura shekara 4 kafin ya iso kan tabarmarka.