Darasi na Bakwai: Barcin Jarirai da Shirin Ko-ta-kwana a Gidan Reno

Macen da ke karɓar 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa tana renonsu a gidanta daga safe zuwa la'asar, amanar rai ta ɗauka. Hankalinta ya fi tashi lokacin da yara ke kuka. Amma lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da gida ya yi tsit, jarirai suna barci, ita kuma ta shiga kicin.

Yadda ake kwantar da jariri

Duk jaririn da bai cika shekara 1 ba, a rigingine ake kwantar da shi, dare ko rana, ko barcin minti goma ne. Ba ruf-da-ciki ba, ba kuma ta gefe ba, domin wanda aka kwantar ta gefe yakan mirgina ya kife.

Ga dalili. Akwai mutuwar fuju'a da ke ɗauke jariri lafiyayye cikin barci. Ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa wata 4, kuma kusan dukkanta kafin wata 6 take faruwa. Jaririn da ya kife fuska a katifa yana sake shaƙar iskar da ya fitar, barcinsa ya yi nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwarin da zai ɗaga kai ba. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta hana kwantar da jarirai ruf-da-ciki, aka fara gangamin wayar da kai a 1994, kuma irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi a ƙasar.

Mai reno ta lura da wannan sosai: jaririn da ya saba kwanciyar rigingine a gidansu, aka zo aka kife shi a gidan reno, haɗarinsa ya fi na kowa. Makon farko shi ne mafi tsanani.

Iyaye da kakanni za su ce, "Ai in ya yi tumbuɗi zai ƙware." A rigingine hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, don haka tumbuɗi yana komawa ciki ko ya fito ta gefen baki. In jariri ya kife, tumbuɗin a bakin hanyar iska yake taruwa. A yi musu bayani cikin ladabi tun ranar farko, amma kada a sassauta, sai in likita ya rubuto takarda.

Idan yaro ya iya juyawa da kansa ta kowane ɓangare, a ci gaba da kwantar da shi a rigingine, in ya juya a ƙyale shi. Da zarar ya fara yunƙurin juyawa, a daina nannaɗe shi da zane.

Shimfiɗa

Kowane jariri da makwancinsa. Katifa ta zama mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda in an danna tafin hannu ba ta lotsawa. Zanen gado guda ɗaya, a ja shi tsam a cusa ƙasa. Ban da filo, bargo, tawul, 'yar tsana ko kwalbar madara da aka tokare. Idan gadon jarirai ne, tazarar sanduna kada ta wuce santimita 6, kuma kada yatsu fiye da biyu su shiga tsakanin katifa da katako. Wadda ba ta da gado, siririyar katifa mai tauri a ƙasa, nesa da bango da ƙafar manyan yara, ta fi kujerar kushin aminci sau dubu. Jariri yakan zame cikin lungun kushin ya shaƙe.

A ɗaure gidan sauro ya miƙe, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Duk abin da ke wuyan yaro, laya ko sarƙa ko igiyar abin tsotso, a cire kafin barci. Wanda ya yi barci a goye, a sauke shi a kwantar in za a kama aiki.

Da hunturu ake yawan kuskure. A ƙara wa jariri riga ɗaya a kan abin da babba ya sa, a cire hula a cikin ɗaki. A taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa: in da gumi, kayan sun yi yawa. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi da janareto suna fitar da guba marar launi marar wari, ba ta tashin mai barci. Janareto ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga taga. Hayaƙin taba, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk a nisanta su.

Kowane minti 15 a je a tsaya a kan yaro, a ga ƙirji yana motsi, a duba launin leɓe. Leƙe daga bakin ƙofa bai isa ba.

Idan abu ya faru

A manna takarda kusa da ƙofa: lambar gaggawa, wadda a Najeriya ita ce 112, asibiti mafi kusa, lambobi biyu na iyayen kowane yaro, da lambar mai keke-napep ko maƙwabci mai mota da aka riga aka yi magana da shi. Jaka ɗaya a rataye a wurin: rajistar yara, tocila, ma'aunin zafin jiki, ruwa mai tsabta, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, zannuwan goyo biyu da kuɗin mota.

Jariri ya shaƙe da wani abu a maƙogwaro, ba kuka ba tari: a kife shi a kan hannu, kai ya yi ƙasa, a tallafe haɓa, a buga tsakanin kafaɗu sau 5. A juyo shi, a danna tsakiyar ƙirji sau 5. A maimaita. Kada a zura yatsa ana lalube, abin zai ƙara nutsewa.

Ba ya motsi, ba ya numfashi: a ƙwala wa wani kira ya buga waya. A kwantar da shi a wuri mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 4 sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti, sannan a rufe bakinsa da hancinsa da baki a hura kaɗan sau 2. A ci gaba har taimako ya zo. Kada a girgiza shi. Karatu kaɗai ba ya koyar da wannan. A nemi ma'aikaciyar lafiya ta nuna da 'yar tsana.

Jijjiga: a kwantar da yaro ta gefe, kada a sa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, a tafi asibiti. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, shi ma asibiti nan take.

Gobara: yara tukuna, kaya daga baya. A goya ɗaya, a rungumi ɗaya, masu tafiya su bi baya zuwa wurin da aka tsayar a waje, a kira suna daga rajista. Wannan ne ma'aunin yawan jariran da mace ɗaya za ta karɓa: in ba za ta iya fitar da su a tafiya ɗaya ba, sun yi mata yawa, sai da mataimakiya. A gwada fitar sau ɗaya a wata.

Aikin gida

Rubuta takardar lambobi ta gidanki. Auna tazarar sandunan gado da tef ɗin tela, ki zo da sakamakon aji na gaba.