Kafin ruwan Jidda ya sauko, ku haɗa roba ɗaya

Salam 'yan uwa. Ku samu robar abinci mai murfi, ku sa fasfo, kwafin iƙama (katin izinin zama a Saudiyya), katin asibitin yara da ɗan kuɗi a leda mai zif, ku rufe a ciki.
A ɗora ta sama kusa da ƙofa, ba ƙasan gado ba.

Abin da ya fi muhimmanci wallahi, ku rubuta lambobi a takarda da biro. 998 na Difa'ul Madani ('yan kwana-kwana da ceto), 911 kuma yana aiki nan yankin Makka, sai lambar ɗan uwa guda da ke wata unguwa wanda kowa zai kira in an rabu.
Kar ku ce ai komai na cikin Absher (manhajar gwamnatin Saudiyya ta waya), ruwan Nuwamban 2022 wayata ta jiƙe ta mutu ina tsaye ko lambar matata ban iya tunowa ba, na ji tsoro ranar.

Amma fa robar ba ta da amfani in maigida kaɗai ya san inda take, ku nuna wa uwargida da babban yaro.
In kuma ruwa ya riske ku a mota kar ku koma ɗauko ta, kar ku shiga nafaƙ (titin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa), nan ruwa ke fara taruwa.