Yadda ake yi wa fartanya ƙota

Kada ka bari sai an yi ruwan shuka kafin ka nemi ƙota, lokacin maƙera ba su da sukuni. Tun da rani ka sari reshen marke ko aduwa mai gwiwa a kai, domin wannan kaurin ne zai riƙe ƙarfe. Ka jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Ɗanyen ice yana motsewa, sai ka ji fartanya tana girgiɗi a tsakiyar kunya.

In ya bushe, ka fere shi da gizago daidai damƙarka, ka kankare da fasasshiyar kwalba.

Hudawar ita ce aikin. A tura tsinin ruwan fartanyar, wato ƙarfenta, cikin gawayin ƙirya, a zuga har ya yi jajir, a dasa shi a tsakiyar gwiwar. Hayaƙi zai turnuƙe, idonka ya yi ta hawaye. A zare, a mayar wuta, a sake, sannu a hankali. Mai gaggawa shi ke tsaga ƙota. Ni nakan tsaya tun ramin bai gama faɗi ba, in ƙarasa da bugu, ya fi kamawa.

Ƙotar kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba laifi, amma ka duba tsaga kafin ka biya.