Yadda Ake Zaɓar Kalmar da ta Dace da Mulkin Mutum Ɗaya

Mai rubutu ko mai fassarar labarai yakan tarar da kalmomi biyu a gabansa idan zai yi magana kan ƙasar da mutum ɗaya yake shugabanta, wato mulukiya da kama-karya, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Kafin ka ɗauki ɗaya daga ciki, ka fara duba yadda mutumin ya hau karaga, sannan ka duba ko akwai wanda ya isa ya taka masa birki.

Mulukiya daga Larabci aka aro ta, tushenta ɗaya da kalmar mulki, kuma tana nufin tsarin da sarki ne shugaban ƙasa, galibi ta hanyar gado. Saudiyya, wadda Sarki Abdul'aziz ya kafa a 1932, mulukiya ce da wuƙa da nama suke hannun sarki. Birtaniya ma mulukiya ce, sai dai Sarki Charles na Uku, wanda ya gaji mahaifiyarsa a 2022, ba shi yake tafiyar da gwamnati ba, aikin firaminista da majalisa ne. Ke nan kalmar ba ta bayyana yawan ikon sarki, saboda haka wajibi ne ka ƙara bayani a kansa.

Kama-karya kuwa zargi ne, kuma kalmar da kanta ta faɗi haka: a kama, a karya. Kada ka yi amfani da ita sai inda kotu da majalisa da 'yan jarida suka rasa ta cewa, kamar yadda aka gani a Yuganda zamanin Idi Amin, daga 1971 zuwa 1979. Mai irin wannan mulki shi ake kira ɗan kama-karya.

Wani lokaci kalmomin biyu sukan haɗu a kan mutum guda. Bokassa ya ƙwace mulkin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1966, ya naɗa wa kansa sarauta a 1977, aka tumɓuke shi a 1979. A ganina kama-karya ce ta fi dacewa da shi, domin bindiga ce ta kai shi, sarautar daga baya ya yafa ta.

Kuskuren da ya kamata a kiyaye shi ne sanya "mulkin mallaka" a wannan gurbi, domin shi mulkin baƙi ne a kan ƙasar wasu, irin wanda Turawan Ingila suka shimfiɗa bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903.