Yadda Ake Tsara Tallar Jarida Ga Babban Kamfani Ba Tare Da An Yi Asarar Shafi Ba

Jarida ba Facebook ba ce da za a goge a sake ɗorawa. Da zarar injin buga Daily Trust ko Aminiya ya juya da daddare, duk kuskuren da ke cikin tallar ya isa Kano da Kaduna kafin hantsi, kuma kuɗin shafin ya riga ya tafi. Saboda haka ma'aunin aikin ɗaya ne tun daga farko: yadda tallar za ta fito a takarda. Kyan da ta yi a fuskar kwamfutar ofis ba ya cikin lissafi.

A ɗauka wani babban kamfanin man girki ne ya kawo aikin cikakken shafi mai launi, yana so ya fito ana saura mako ɗaya Sallah. Kafin a taɓa kwamfuta, a zauna da wakilinsu a rubuta takardar bayani shafi ɗaya: wa ake yi wa magana, me ake so ya yi bayan ya karanta, wace rana za ta fito, a wace jarida, da wane harshe, kuma wane ne mutum ɗaya tak da sa hannunsa ne na ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa. A babban kamfani manajan kasuwanci yana da nasa ra'ayi, lauya da nasa, ga kuma shugaba da zai leƙo a ranar ƙarshe ya ce a ƙara girman tambari. Idan ba a san mai yanke hukunci ba, sai a yi ta gyara kamar ɗinkin amarya. A kuma rubuta cewa zagayen gyara biyu ne cikin kuɗin aikin, na uku da kuɗinsa.

Mai kaya, wato kamfanin da ya kawo aikin, zai so a faɗi komai: araha, inganci, sabuwar jarka, gasar cin kyauta, adireshin dillalai. A taimaka masa ya zaɓi ɗaya. Mai karanta jarida wucewa yake yi, abu ɗaya zai ɗauka. Sauran su sauka ƙasa da ƙananan haruffa, ko a bar su sai wata tallar.

Daga nan a kira sashen talla na jaridar a karɓi ma'auninsu a rubuce: faɗi da tsawon shafi da milimita, irin fayil ɗin da suke karɓa, da ƙarfe nawa suke rufe karɓa. Kada a yi aiki da ma'aunin bara ko na wata jarida, don ba duka suke daidai ba. Mujalla ana yanke gefenta bayan bugu, don haka hoto ko launin bango ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya ja baya da aƙalla milimita 5. Jarida galibi tana da farin gefe, ba a buƙatar wannan rarar.

A fara da fensir. Ƙananan zane biyar ko shida kamar girman tafin hannu sun isa a gane inda ido zai fara sauka, inda zai bi, da inda zai tsaya. A kai wa mai kaya biyu ko uku, kuma kada a saka wanda ba a so don cike gurbi, don sau da yawa shi za a zaɓa.

Babban take da Hausa a rubuta shi da Hausa tun asali. Taken da aka juyo daga Turanci yakan yi tsawo, ya kuma yi ƙamshin ofis, mai karatu yana ji. Kalma biyar zuwa bakwai ta isa. Sai matsalar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin salon haruffan da manyan kamfanoni ke tilasta amfani da su ba su da waɗannan, sai manhajar ta aro su daga wani salon a ɓoye, harafi ɗaya ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri, ko ya zama akwatin banza. Tun ranar farko a rubuta "ƙarfi, ɗanɗano, ɓawo" da manya da ƙananan baƙaƙe a gani. Idan babu su, a nemi izinin canza salo ko a sa gwani ya zana su. Cire lanƙwasar ba mafita ba ce: "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya suke nufi ba. Idan tallar za ta tsallaka Nijar, a tuna can suna rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y.

Hoto shi ne inda aka fi yin asara. Lissafinsa mai sauƙi ne: jarida tana son ɗigo 200 a kowane inci, mujalla mai sheƙi 300, a girman da za a buga. Hoton da zai cika faɗin inci 10 ke nan yana buƙatar ɗigo 2,000 a jarida, 3,000 a mujalla. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a nemi na asali. Tambari kuwa a karɓe shi a fayil ɗin Illustrator ko CorelDRAW, wanda ba ya fashewa komai girmansa. Wani abu da mai zane kan yi ba da tunani ba shi ne juya hoto don fuskar ta kalli cikin shafi. Matar da ke miƙa wa baƙo kwanon abinci da dama sai ta koma miƙawa da hagu, kuma babu Bahaushen da wannan zai wuce masa.

Launi yana son a daɗe a kansa. Kwamfuta tana haɗa launi da haske, wato RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK. Shuɗi mai walƙiya da kore shar da ake gani a fuskar kwamfuta suna dusashewa idan aka juya su, gara mai kaya ya ga haka da wuri. Takardar jarida tana shan tawada kamar tsumma, ɗigon yana bajewa, har wurin da aka sa kashi 50 cikin ɗari ya fito kusan 75. Shi ya sa fuskar baƙin mutum kan cushe, idanu da hanci su ɓace cikin duhu. Maganinsa a buɗe hasken tsaka-tsaki da na inuwa har hoton ya yi kamar ya ɗan koɗe a kwamfuta. Jimillar tawada huɗun a wuri ɗaya kada ta wuce kashi 240 a jarida, ko 300 a takarda mai sheƙi. In ta wuce, ba ta bushewa da wuri, sai ta shafi shafin da ke fuskantarta.

Ƙananan rubutu a yi su da baƙar tawada zalla, kashi 100. Idan aka haɗa baƙin daga launi huɗu, farantin da ke buga launi ɗaya a injin ya goce da ƙiris, sai kowane harafi ya fito da inuwar ja ko shuɗi. Farin rubutu a kan duhu ya zama mai kauri, kada ya gaza girma 10 a ma'aunin girman haruffa na manhaja, don tawadar gefe tana cinye sirara. A kuma duba kada a bar farin rubutu a kan umarnin bugawa bisa wani launi, domin a maɗaba'a ɓacewa yake yi gaba ɗaya.

Izinin hukuma a sa shi cikin jadawali tun farko. A Najeriya hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, tana tantance talla kafin ta fita, kuma tun 1 ga Oktoban 2022 ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a matsayin fuskar talla. Hoton iyalin da aka saya a intanet na iya jawo a mayar da aikin. Tallar abinci, magani da kayan shafa tana buƙatar amincewar NAFDAC, kuma kalma irin "yana maganin hawan jini" a tallar man girki ba za ta wuce ba.

A fitar da fayil ɗin ƙarshe a PDF/X-1a, wato nau'in PDF na maɗaba'a, ko abin da jaridar ta nema, haruffa a kulle a ciki. A buga shi a ainihin girmansa, a manna a bango, a ja baya taku uku. Wanda bai taɓa ganin aikin ba ya karanta shi da ƙarfi, ya kira lambar wayar da ke jiki, ya gwada lambar QR da waya mai arha, kuma faɗin lambar QR ɗin kada ya gaza santimita 2. Mai yanke hukunci ya sa hannu da kwanan wata a kan wannan takardar, amincewar baki ko ta waya ba ta wadatar ba.

Ranar da ta fito a sayi kwafi uku daga masu sayarwa daban-daban, a kwatanta da wanda aka sa wa hannu. Idan launi ya goce ko an sa ta a shafin da ba shi aka biya ba, a rubuta wa jaridar a ranar, a haɗa da hoton shafin da takardar odar.