Kafin ku sayi sabon batir, ku duba farantin sola

'Yan uwa masu sola a Gusau, ku riƙa wanke farantin da sassafe, musamman da hunturu.

Ni na ɗauka batirina ne ya gaji, har na fara tambayar kuɗin sabo. Da na hau rufi na ja yatsa a kan gilashin, sai ga layi ɓaro-ɓaro. Ashe ƙura ce ke tare hasken, caji ya ragu.

Ruwa da tsumma mai laushi sun isa. Kar ku watsa ruwan sanyi da tsakar rana, gilashi mai zafi na iya tsagewa.

Amma fa in inuwar dogonyaro ce ke rufe farantin, ko batirin ya tsufa da gaske, wanki ba zai yi magani ba.